Wiliyam Tindal, Mutumin da Ya Juya Littafi Mai Tsarki Cikin Turanci

A karanta tukuna: Nehemiya 8:1-12 da 2 Timoti 4:9-18.

Yawancinmu da mu ke zaune a wannan taro muna riƙe da Littafi Mai Tsarki cikin harshen Hausa. Mun saye shi da kuɗi kaɗan, mun ɗauko shi a fili, ba wanda ya tare mu a hanya. Amma abin da ya zo mana da sauƙi haka, ba da sauƙi ya zo wa kowace al'umma ba. An yi zamanin da mutumin Ingila, in aka same shi da Bishara cikin harshen uwarsa, yana iya rasa dukiyarsa, har da ransa ma. A cikin wannan darasi za mu bi labarin wanda ya buɗe wa mutanen Ingila wannan ƙofa, ya kuwa biya da ransa. Sunansa Wiliyam Tindal, Turawa suna rubuta shi Tyndale. 'Ya'yanmu na makarantun sakandare masu shirin jarrabawar tarihi su kasa kunne da kyau, gama labarin mutumin nan ya haɗa tarihin Ingila da na Jamus wuri ɗaya, wanda ya riƙe shi kuwa ba zai sha wuyar tuna shekarun Sarki Henri na 8 da na Martin Luther ba.

Yadda ƙasar ta ke kafin zuwansa

A zamanin nan Littafi Mai Tsarki na ikilisiyoyin yammacin Turai cikin harshen Latin ya ke. Da Latin a ke sujada, da shi a ke karanta nassi. Manomi da masaƙi da mace mai aikin gida suna ji, amma ba su ganewa, sai abin da firist ya bayyana musu. Waɗansu firistocin ƙauye ma Latin ɗinsu bai taka kara ya karya ba.

An taɓa yin ƙoƙari tun dā. Wani malamin Oxford, John Wycliffe, wanda ya rasu a 1384, shi da almajiransa sun juya Littafin daga Latin zuwa Turanci, ana kwafarsa da hannu. Da ya ke mabiyansa suna sukar manyan ikilisiya, sai hukuma ta ɗauki Littafi na Turanci alamar tawaye ne. A 1401 aka kafa dokar ƙone masu bidi'a da wuta. A 1409 kuma Babban Bishop Arundel ya hana kowa juya wani nassi cikin Turanci sai da iznin bishop. A 1428 aka tone ƙasusuwan Wycliffe, aka ƙone, aka watsa tokar cikin kogi. A nan Ingila ta bambanta da maƙwabtanta, gama a Jamus an buga Littafi Mai Tsarki da Jamusanci tun 1466.

Abu uku suka sāke fuskar al'amarin. Na fari, wajen 1455 Gutenberg na birnin Mainz ya fito da hanyar ɗab'i da baƙaƙen ƙarfe, har littafin da a ke shekara ana kwafa ya zama ana buga ɗaruruwansa cikin watanni. Na biyu, a 1516 shahararren malamin nan Erasmus ya buga Sabon Alkawali cikin Helenanci, watau harshen da manzanni suka rubuta shi. Na uku, a 1517 Martin Luther ya ta da gardama a kan sayar da takardun gafara, a 1522 kuma ya fitar da Sabon Alkawali da Jamusanci irin wanda mutanen kasuwa ke ji. Cikin wannan zamani Tindal ya girma.

Ƙuruciyarsa da karatunsa

An haife shi wajen 1494 a lardin Gloucester, a yammacin ƙasar Ingila, ƙasar masu kiwon tumaki da saƙar ulu. Iyayensa masu rufin asiri ne, suka aike shi Oxford tun yana yaro. Ya sami digirinsa na fari a 1512, na biyu a 1515, wajen lokacin nan kuma aka naɗa shi firist. Allah ya ba shi baiwar harsuna, ya ƙware a Latin da Helenanci. Daga baya ya yi kuka a rubuce a kan irin karatun jami'a na zamaninsa, cewa sai an cika kan ɗalibi da gardandamin masana shekara da shekaru kafin a bar shi ya leƙa Nassi.

Wajen 1521 ya koma ƙasarsu, ya zama malamin 'ya'yan wani mai sarauta, Sir John Walsh, a ƙauyen Little Sodbury. Maigidan nan mai son baƙi ne, manyan ikilisiya sukan zo cin abinci wurinsa. In zance ya kai ga addini, sai malamin yaran ya buɗe littafi ya nuna musu aya, abin da ba su saba ba, ba su kuwa so ba. Ba a daɗe ba aka kai ƙararsa gaban wakilin bishop, aka zage shi, aka yi masa kashedi, aka sallame shi.

Marubucin nan John Foxe, wanda ya tara labaran waɗanda aka kashe saboda bangaskiya, ya ba da labarin wata gardama da Tindal ya yi da wani malami a kwanakin nan. Malamin ya ce gara a rasa dokar Allah da a rasa ta Paparoma. Tindal ya amsa masa cewa in Allah ya ja kwanansa, kafin shekaru kaɗan zai sa yaron da ke bin garmar shanu ya fi wannan malami sanin Nassi. Wannan magana ita ce ta zama aikin ransa duka. Ya riga ya gane cewa ba shi yiwuwa a kafa talakawa cikin gaskiya sai sun ga Nassi da idonsu cikin harshensu, su bi zaren maganar daga farko har ƙarshe.

Ƙofar da aka rufe a Landan

Mu lura, Tindal bai fara da karya doka ba. Doka ta ce sai da iznin bishop, shi kuwa ya tafi neman izni. A 1523 ya isa Landan wurin Bishop Cuthbert Tunstall, mutum mai zurfin ilimi, abokin Erasmus. Ya kai masa wani jawabin Helenanci da ya juya cikin Turanci, domin a ga gwanintarsa. Bishop ya amsa da ladabi cewa gidansa ya cika, ba shi da wurin ajiye shi. A lokacin nan littattafan Luther suna shigowa Ingila, an riga an ƙone waɗansu a Landan a 1521, manya kuwa suna tsoron duk abin da ya yi kama da su.

Wani attajiri mai cinikin tufafi, Humphrey Monmouth, ya ji wa'azinsa, ya ɗauke shi gidansa wajen wata 6. Daga baya, da aka kama attajirin nan saboda wannan taimako, ya shaida cewa baƙonsa dare da rana karatu ya ke yi, cinsa da shansa kaɗan, tufafinsa na talakawa. Cikin watannin nan Tindal ya tabbata cewa ba gidan bishop kaɗai ba, duk ƙasar Ingila ba wurin da za a yarda a yi wannan aiki. A 1524, da fam 10 da Monmouth ya ba shi, ya shiga jirgin ruwa zuwa Jamus. Bai ƙara taka ƙasar haihuwarsa ba har ya mutu.

Daga Kolon zuwa Worms

A 1525 muka same shi a birnin Kolon, bakin kogin Rhine, shi da wani mataimaki mai suna William Roye, sun ba wani mai ɗab'i aikin a asirce. Sai ga wani malami, Cochlaeus, babban abokin gāban Luther, yana da nasa aikin a maɗaba'ar nan. Ya ji ma'aikatan suna fariya cewa ba da daɗewa ba Ingila duka za ta bi Luther. Ya kira su gidansa, ya cika su da ruwan inabi, har suka tona asirin. Ya kai wa hukumar gari labari, aka hana aikin, ya kuma rubuta wa Sarkin Ingila a tsare tashoshin jiragen ruwa. Tindal da Roye suka kwashi takardun da aka riga aka buga, suka gudu cikin jirgi, suka hau kogi zuwa Worms. Gutsuren bugun nan da ya rage har yau ya tsaya ne a Matiyu sura 22.

Worms kuwa shi ne garin da Luther ya tsaya gaban babban sarki Charles na 5 a 1521, ya ƙi janye koyarwarsa. A can, a farkon 1526, wani mai ɗab'i Peter Schoeffer ya gama buga Sabon Alkawali duka da Turanci. Wannan shi ne na fari da aka buga da Turanci, shi ne kuma na fari da aka juya kai tsaye daga Helenanci. Tindal ya duba Latin na Erasmus da Jamusancin Luther, ya amfana da su, amma Helenanci ne tushensa. Littafin ƙarami ne, yana shiga aljihu ko hannun riga. Kalmominsa gajeru ne, irin na gida da gona, an jera su yadda za su yi daɗin ji in an karanta da ƙarfi, gama ya san yawancin mutanensa da kunne za su karɓa, ba da ido ba.

Wuta da gardama

'Yan kasuwa suka shiga ɗauke da littattafan zuwa Ingila cikin dilolin tufafi da sauran kaya. Kafin shekara ta ƙare sun bazu a Landan da Oxford. A watan Oktoba 1526 Bishop Tunstall ya yi wa'azi a harabar majami'ar Bulus ta Landan, ya ce ya sami kuskure wajen 2,000 a ciki, aka ƙone duk waɗanda aka kama. Marubucin tarihi Edward Hall ya ba da labari cewa daga baya bishop ɗin ya biya wani ɗan kasuwa a Antwerp ya saye masa sauran littattafan domin a ƙone, ɗan kasuwan kuwa abokin Tindal ne. Bishop ya sami littattafai, Tindal ya sami kuɗin biyan bashi da na sabon bugu wanda ya fi na fari gyara. Duk da haka wutar ta yi ɓarna ƙwarai. Cikin dubban da aka buga a Worms, 3 kaɗai aka sani sun rage: biyu a Landan, ɗaya a birnin Stuttgart na Jamus. A 1994 babban ɗakin karatu na Birtaniya ya sayi ɗaya daga cikinsu a kan kuɗi wajen fam miliyan 1.

Me ya sa manya suka ƙi littafin haka? Dalili biyu ne, ya kamata mu fahimce su. Na fari tsoron tawaye. A 1525 manoman Jamus sun tashi gāba da iyayengijinsu, waɗansu suna kafa hujja da Nassi, aka kashe dubun dubatarsu. Sarakuna suka ɗauka in talaka ya riƙe Littafi, gobe zai riƙe makami. Na biyu, waɗansu kalmomi da Tindal ya zaɓa. Inda aka saba jin ikilisiya, ya sa kalmar da ke nufin taron jama'a. Inda aka saba jin firist, ya sa dattijo. Inda aka saba da kalmar da mutane suka fi ɗauka a kan sadaka, ya sa ƙauna. Inda kuma aka saba jin a yi ayyukan da firist ke ɗora wa mai zunubi, ya sa a tuba. Kowace ɗaya cikin huɗun nan tana taɓa ikon firistoci, shi kuwa ya tsaya a kan cewa abin da Helenanci ya faɗa ke nan.

Wanda ya fi kowa yi masa gardama shi ne Sir Thomas More, masanin shari'a, wanda ya zama babban wazirin Sarki a 1529. Ya rubuta gāba da shi a 1529, Tindal ya mayar masa a 1531, More ya sāke rubuta wani ƙaton littafi. Dukansu biyu sun yi wa juna baƙar magana wadda ba ta dace da masu bi ba, ba kuwa za mu ɓoye laifin Tindal a nan ba, gama harshensa yana da kaifi, ya kan kuma yi wa abokan gābansa kuɗin goro. More ma mutum ne mai tsoron Allah bisa ga fahimtarsa, ya kuwa ba da ransa a 1535 saboda ya ƙi yarda Sarki ya zama shugaban ikilisiya. Amma a zamanin ikonsa an ƙone waɗansu masu bin koyarwar Tindal, a 1533 kuma, bayan saukarsa, aka ƙone John Frith, saurayin da Tindal ke ƙauna kamar ɗansa.

Cikin wannan wahala duka bai bar aiki ba. Ya koyi Ibrananci, harshen da kusan ba mai iya shi a Ingila a lokacin, ya kuma lura cewa tsarin maganar Ibraniyawa ya fi dacewa da Turanci a kan Latin. A 1530 aka buga littattafan Musa 5 a Antwerp, a 1531 littafin Yunana. Inda Turanci ba shi da kalma, sai ya ƙirƙira. Sunan da Turawa ke kiran Idin Ƙetarewa da shi har yau, daga alƙalaminsa ya fito. A 1534 ya fitar da Sabon Alkawali da ya sāke gyarawa, da canji dubbai, gama bai taɓa ɗauka aikinsa ya wuce gyara ba. Tun a bugun fari ya roƙi masana in sun ga kuskure su gyara.

Tindal da Sarki Henri

A 1528 Tindal ya rubuta littafi a kan biyayyar Kirista, domin ya amsa zargin tawaye. Ya koyar cewa sarauta daga Allah ta ke, mai bi kuwa ba shi da iznin ɗaukar makami gāba da sarki, ko da sarkin azzalumi ne. In an umarce shi da saɓon Allah sai ya ƙi, ya haƙura da hukuncin. An ce Anne Boleyn ta sa littafin a hannun Sarki Henri, ya kuwa ji daɗinsa ƙwarai.

A shekarun nan Henri yana neman rabuwa da matarsa Katarina ta Aragon, domin ba ta bar masa ɗa namiji ba, sai 'ya ɗaya, Maryamu, yana kuma son ya auri Anne. Paparoma ya ƙi warware auren, ɗaya daga cikin dalilan kuwa shi ne Katarina 'yar'uwar mahaifiyar Charles na 5 ce, wanda sojojinsa suka ci birnin Roma a 1527. Da Tindal mai neman ɗaukaka ne, ga hanya ta buɗe: ya goyi bayan Sarki, ya koma gida da daraja. Amma ya duba Nassi, ya ga bai sami hujjar sakin ba, a 1530 kuwa ya rubuta haka a fili. Sarki ya husata.

Duk da haka a 1531 Thomas Cromwell, amintaccen Sarki, ya aiko wani ɗan kasuwa, Stephen Vaughan, ya lallashe shi ya komo. Suka sadu da yamma a wata gona bayan garin Antwerp. Tindal ya ba shi labarin talauci da yunwa da sanyi da kewar 'yan'uwa da ya ke sha. A wata saduwa kuma, idanunsa cike da hawaye, ya yi alkawari cewa in Sarki zai yarda a ba jama'a Nassi tsurarsa da Turanci, ko wane ne ya juya shi, shi zai daina rubutu, ya zo ya faɗi gaban Sarki, a yi masa duk hukuncin da aka ga dama. Sarki bai yarda ba. A nan mu ke ganin zuciyar mutumin: ba sunansa ya ke nema a kan littafin ba, littafin ya ke nema a hannun jama'a.

A 1534 majalisar dokokin Ingila ta mai da Henri shugaban ikilisiyar ƙasar, aka rabu da Roma. Masu shirin jarrabawa su riƙe wannan bambanci: gyaran Jamus daga gardamar koyarwa ya faro, rabuwar Ingila kuwa daga maganar aure da gādon sarauta ta faro. Henri ya rabu da Paparoma, amma bai bi Luther ba, saboda haka Tindal bai sami mafaka a wurinsa ba.

Cin amana

Daga 1534 Tindal yana zaune a gidan 'yan kasuwar Ingila na Antwerp, wurin wani Thomas Poyntz. Antwerp tana ƙarƙashin Charles na 5, amma hukuma ba ta cika shiga gidan nan ta kama mutum ba. Foxe ya ce ran Litinin Tindal ya kan ziyarci 'yan gudun hijira daga Ingila, ran Asabar ya bi lungu lungu yana neman tsofaffi da marasa lafiya yana taimakonsu, ran Lahadi ya karanta wa 'yan kasuwa Nassi, sauran kwanaki kuwa na aiki ne.

Hausawa sun ce da ɗan gari a kan ci gari. Wani saurayi ɗan Ingila, Henry Phillips, wanda ya cinye kuɗin ubansa a caca, ya zo ya shiga jikin Tindal kamar mai son koyo. Poyntz bai amince da shi ba, amma Tindal mutum ne marar zargi, ya kawo shi gida, ya nuna masa littattafansa. A watan Mayu 1535, Poyntz ya yi tafiya, sai Phillips ya zo ya ranci sule 40 a hannun Tindal, suka fita tare za su ci abinci. Ƙofar gidan tana da wani matsattsen lungu wanda mutum biyu ba su jerawa. Phillips ya sa Tindal gaba kamar don girmamawa, shi kuwa dogo ne, ya nuna shi da yatsa ta bisa kansa ga dogaran da ya ajiye a bakin lungun. Suka kama shi.

Aka kai shi kagarar Vilvoorde, wajen mil 6 arewa da Brussels, ya yi wata 16 a can. Poyntz ya yi ta kai da kawowa da wasiƙu domin a sake shi, har shi ma aka tsare shi, ya tsere da ƙyar, ya yi hasarar cinikinsa. Cromwell ya rubuta, amma ba a ji ba. Malaman jami'ar Louvain suka yi ta muhawara da ɗaurarren a rubuce. Laifin da aka tuhume shi da shi bidi'a ne, musamman koyarwarsa cewa ta wurin bangaskiya kaɗai mutum ke barata.

Akwai wasiƙa ɗaya da ya rubuta da hannunsa daga kurkuku, da Latin, wadda aka gano bayan shekara fiye da 300. A ciki ya roƙi shugaban kagarar a ba shi, daga cikin kayansa da aka ƙwace, hula mai ɗumi saboda mura ta dame shi, da riga mai kauri, da ƙyallen da zai yi wa wandonsa faci, da fitila, domin zaman duhu shi kaɗai ya gundure shi. Amma abin da ya fi roƙo duka shi ne a ba shi Littafinsa na Ibrananci, da littafin nahawu, da ƙamus, domin ya ci gaba da karatu. Ku sāke duba abin da Bulus ya roƙi Timoti ya kawo masa a cikin karatunmu na yau, ku ga yadda bayin Allah biyu, da shekara wajen 1,470 tsakaninsu, suka yi bukata iri ɗaya.

A watan Agusta 1536 aka yanke masa hukunci, aka tuɓe shi daga firistanci a gaban jama'a, aka miƙa shi ga hukuma. A farkon Oktoba aka fito da shi, aka ɗaure shi a jikin gungume, aka shaƙe shi, sa'an nan aka ƙone gawar. Ran 6 ga Oktoba a ke tunawa da shi. Foxe ya ce addu'arsa ta ƙarshe, da murya mai ƙarfi, ita ce Ubangiji ya buɗe idanun Sarkin Ingila. Shekarunsa wajen 42.

Abin da ya biyo baya

Tun yana kurkuku, a 1535, Miles Coverdale ya buga Littafi Mai Tsarki duka da Turanci, ya ɗora a kan aikin Tindal. Wani abokinsa kuma, John Rogers, ya tsirar da takardun da Tindal ya bari, daga Joshuwa har 2 Tarihi, ya haɗa da sauran, ya buga a 1537 da sunan aro, Thomas Matthew. Sarki Henri ya ba wannan littafi izni, alhali fiye da rabinsa aikin mutumin nan ne da ya ƙi. A 1538 aka umarta kowace majami'a ta ajiye Littafi na Turanci inda kowa zai iya karantawa, a 1539 aka fitar da babban bugu domin wannan, a kan ɗaure shi da sarƙa don kada a sace. Waɗansu bugu na baya ma suna ɗauke da sunan Bishop Tunstall a shafin fari, cewa ya duba ya yarda.

Kada mu zaci hanya ta miƙe daga nan. A 1543 aka sāke kafa doka ta hana leburori da yaran sana'a da yawancin mata karanta shi. A 1555, zamanin Sarauniya Maryamu, aka ƙone Rogers. Amma abin da ya riga ya shiga kunnen jama'a ba ya fita. Sa'ad da malaman Sarki Yakubu suka fitar da sanannen juyin nan na 1611, masu bincike sun ƙididdige cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na Sabon Alkawalinsa kalmomin Tindal ne.

Abin da ya shafe mu

Mu ma waɗansu sun yi mana wahala. Wani Bajamushe, J. F. Schön, da taimakon wani saurayi Bahaushe mai suna Dorugu, ya yi ta nazarin Hausa, a 1857 kuma aka buga waɗansu littattafan Sabon Alkawali da ya juya. Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa, baƙi da 'yan ƙasa, suka yi shekaru suna fama, har Littafi Mai Tsarki duka ya fito da Hausa a 1932. Ba a ƙone ko ɗayansu ba, amma tafarkin da suka bi shi ne wanda Tindal ya share: a koma ga harshen asali, a faɗi abin da ya faɗa, cikin maganar da mai noma zai gane.

A zamanin Nehemiya jama'a suka tsaya tun da sassafe har tsakar rana suna jin karatu, Lawiyawa suna bayyana musu ma'ana, suka koma gida da murna domin sun gane. Tindal ya bar ƙasarsa shekara 12 domin mutanensa su sami wannan murna. Mu da ba mai hana mu, sai mu tambayi kanmu ko Littafin da ke gidanmu ana buɗe shi tsakanin Lahadi da Lahadi, ko kuwa ƙura ce ke rufe shi. Akwai kuma kabilu maƙwabtanmu da har yanzu su ke sujada da Hausa ko Turanci, tsofaffinsu ba su ji sosai, Nassi kuwa bai cika cikin harshensu ba. Masu aikin juya musu suna bukatar addu'armu da taimakonmu, kamar yadda Tindal ya bukaci Monmouth da Poyntz.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne abubuwa uku ne suka faru tsakanin 1455 da 1522 waɗanda suka sa aikin Tindal ya yiwu?

2. Tindal ya nemi izni tukuna, da aka hana shi ya ci gaba. A duba Ayyukan Manzanni 5:27-32 da Romawa 13:1-7. Yaushe ya kamata mai bi ya yi biyayya, yaushe kuma ya ƙi?

3. Me ya sa bai goyi bayan Sarki Henri cikin maganar aure ba, ko da ya ke da ya yi haka da ya sami komawa gida?

4. Tindal da More dukansu sun mutu saboda abin da suka gaskata, dukansu kuma sun zagi juna. Me wannan ke koya mana a kan yadda za mu yi gardama da wanda bai yarda da mu ba?

5. A unguwarmu, su wane ne ba su iya karanta Littafin da kansu? Wa zai ɗauki nawayar koya musu, ko ya je ya karanta musu a wannan mako?